Ƙwayoyin da ke Cikin Jakar Umma

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da Baba. A takarda na rubuta, zan ɗauki hotonta in turo, don da na ji muryarki a waya sai bakina ya rufe.

Kin ji Umma ta faɗi a kicin ɗin Goggo, kwana huɗu da saukarmu ƙasar nan. Tana asibiti, hawa na uku, gadon bakin taga. Ba ta magana. Akwai na'ura a gefenta mai yin tit, tit, ko na koma gida ina jin ta a kunnena. Tsohuwar gadon kusa jiya ta miƙo min lemo. Yau na tarar an naɗe katifarta, ba wanda ya ce min komai.

Goggo ta ce inshorar da muka yanka tare da tikiti za ta ɗauki nauyin jinya. Ta ce in saki fuska, wai ko mai lafiya ya gan ni sai ya kwanta. Na yi dariya don kada ta gane.

Yaya, ni na cike takardar inshorar nan a ofishin tikiti, tunda ni ce mai karatu. An tambaya ko matafiyi yana da tsohuwar cuta. Na tambayi Umma, ta ce lafiya lau, in dai rubuta. Kin san ta, ko hannu ta karya sai ta ce da sauƙi. Sai na sa alama a kan "babu".

Yau ina neman ɗankwalinta na ga ƙwayoyin hawan jini a ƙasan jaka, a ƙulle cikin safa, da sunanta da kwanan watan bara. Tun zuwanmu likita ya tambaya har sau biyu ko tana shan wani magani, na ce a'a. A bayan takardar kuma an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa ba sa biyan cutar da aka ɓoye. Safar tana aljihuna yanzu.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Ina gaida ki, ya jikin ƙaramin naki?

Ban jira amsarki ba, na ba likita ƙwayoyin. Ina kwance safar ƙwaya ɗaya ta gangara ƙarƙashin gadon tsohuwar nan. Ya duba, ya kira nas da sauri, suka cire ruwan da ake sa mata suka canza wani. Ya ce da ya sani tun ranar farko, sai bai ƙarasa ba. Wannan rabin maganar ita ke bi na ko'ina.

Masu inshora sun kira, sun ce ba za su biya ba. Mijin Goggo ya sa motarsa a kasuwa. Goggo ba ta yi min faɗa ba, abinci kawai take turo min gaba. Da ta zage ni ma da ya fi min.

Ɗazu da hantsi Umma ta buɗe ido. Nas ta ce in tambaye ta me take ji. Umma ta motsa baki da ƙyar, ta ce in ce mata da sauƙi. Na dubi yadda ta damƙe zanin gado. Sai na ce wa nas kanta yana ciwo sosai, kuma hannun hagu ba ya ɗaguwa.

Umma ta harare ni, Yaya. Ban taɓa jin daɗin harara ba sai yau.

Ki gaida Baba. Ki karanta masa duka, kada ki rage.

Taki,
Auta