Kai Ma, Yaya Hamza, Ka Kira Kawu Matsoraci

Nuzla, Jidda. Talata, bayan la'asar, ina saman bene inda Umma ke shanya.

Zuwa ga Yaya Hamza, a Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da mutanen gidan Gwaggo. Na kira ka ba ka ɗauka ba. Tunda kuwa a gaban jama'a ka yi maganarka, a gaban jama'a zan ba ka amsa. Ba zan ambaci sunan ƙungiya ko na wani ɗan wasa ba.

Bari in fara da abin da na tabbatar. Gasar ƙwallon unguwanni ta kai rabi, mun buga wasa takwas. Huɗu a filinmu: mun ci uku, mun yi kunnen doki a ɗaya. Huɗu a waje, duka an ci mu. Babu wanda ban gani da idona ba, don tun da na gama jami'a ba ni da abin yi sai jiran kiran masu ɗaukar aiki. Gaskiya ne kuma, duk wasan waje kocinmu Kawu Sale yana barin 'yan wasa uku a gida, su ne kuwa mafi iyawa a cikinmu.

A kan wannan ake zaginsa. Sun sa masa suna "kocin tsakar gida". Ranar Asabar wani ya bi shi har shagonsa na Bab Makka yana cewa, "Halas, ya isa haka, tsoho, ka tsaya a keken ɗinkinka." Ƙanin mahaifiyarmu ke nan, wanda ya yi shekaru yana ɗinka wa ƙungiyar nan riguna ba a ba shi ko sisi ba. Na haɗiye duk wannan, domin masu faɗin haka bakinsu ne kawai ke buga ƙwallo.

Sai ga muryarka a guruf ɗin ƙungiya. Ka ce a zamaninku ba a ajiye gwani a benci. Ka ce Kawu ya tsufa, tsoro ya shige shi. Yanzu duk mai son a tsige shi, da maganarka yake kafa hujja: "Ai ko Hamza ya faɗa."

Kai, Yaya? Kai da kanka?

Ka tuna ranar wasan garin Bahra. Iƙamarka, takardar izinin zama, ta mutu tun da kafilinka, wanda ya tsaya maka a wurin hukuma, ya rufe shago, Kawu ya ce ka zauna, ka ce wa zai tsare raga in ba kai ba. Duk motar ta goyi bayanka, shi kuma ya sassauto ya yarda. A hanyar dawowa aka tsayar da ku a shingen bincike. Kun ci wasan, na san wannan, har yau masu zagin suna tuna cin. Abin da suka manta shi ne an sauke ka a bakin titi da rigar gola a jikinka, daga nan sai tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, sai ƙasar da ba ka taɓa takawa ba.

Kai ba ka ga abin da ya biyo baya ba, ni na gani. Kawu ya tsaya a ƙofar ɗakin Umma, ya kasa shiga. Abin da ya iya faɗa kawai shi ne, "Yaya, na karɓe shi a hannunki, ban dawo da shi ba." Wata biyu ba ta yi masa magana ba.

Ukun nan da yake bari a gida, halinsu irin naka ne na wancan lokacin. Filinmu da ƙafa suke zuwa ta lunguna. Wasan waje kuwa sai an hau babban titi. Kawu ba zai tashi a taro ya faɗi haka ba, don faɗin ma tona asiri ne, shi ya sa yake shan zagi ya yi shiru. Ni ma na rubuta wannan sakin layi na goge ya fi a ƙirga. Abin da ya fi ƙona mini rai, rabin masu ihun sun sani. Sun zaɓi kofi ne kawai.

Ranar Juma'a bayan masallaci za a zauna a kansa. Mudi mai gyaran mota ne ke son kujerar, ya kuma riga ya faɗa: "Yalla, mu je, kowa ya shiga mota, Allah ne mai tsarewa." Wasan waje na gaba a Bahra ne. Hanyar nan dai, shingen nan dai.

Na san ƙungiyar nan ita ce ragowar Jiddar da ke hannunka. Na san kana zama a shagon waya kana jiran sakamako, in an ci mu sai ka ji kamar an sake korarka. Ban raina wannan ba, Yayana. Kai ka koya mini ɗaure takalmin ƙwallo, kai ka riƙa cewa in daina rufe ido in ƙwallo ta taso. To, kai ma buɗe naka.

Ina shagon Kawu lokacin da ya saurari saƙonka. Ya kai ƙarshe, ya sake kunnawa. Na zaci zai yi fushi. Sai ya ajiye wayar a kan keke ya ce, "Ka ji yadda Hausarsa ta gyaru."

Roƙona ɗaya ne: ka aiko da wata muryar kafin Juma'a. Ba sai ka yi bayani ba. Ka ce kawai ka janye, a bar Kawu a wurinsa. Kai kaɗai za su ji kunyar musa wa.

Ga abin da ban sani ba. Ban san ko ka san halin yaran nan kafin ka yi magana ba. Ina fatan ba ka sani ba. Ban san mutum nawa za su tsaya wa Kawu ba. Ban san ko yaran za su iya cewa a'a in Mudi ya buɗe musu ƙofar mota ba, tunda kai ma ba ka iya ba. Ban kuma san abin da zan ce wa iyayensu mata ba in aka dawo babu ɗaya.

Allah Ya tsare ka inda kake, Ya huce zuciyarka da tawa, Ya mayar da kowane ɗa hannun uwarsa. Wayata na kunne.

Ƙaninka,
Bashir