Kututture Goma Sha Ɗaya a Bayan Filin Fareti

Zuwa ga Mai Girma Kwamandan barikin sojan da aka gina a kan tsohon garinmu,

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da sojojin da ke ƙarƙashinka. Sunana Ɗanlami. Ban yi boko ba. Wani mai buga takardu a Garki ne ya rubuta mini wannan, na kuma ce masa kada ya gyara mini magana. Sau uku ina kai takarda geti ba amsa, shi ya sa na ce a buga a jarida.

Na farko. Inda filin faretinku yake, nan muke noman doya. Da gwamnati ta tashe mu ba mu yi gardama ba, muka kwashe kaya muka koma wajen Karshi. Matattu ne ba su kwasu ba. Kabari goma sha ɗaya ne a bayan filin, dab da shinge. Akwai babana da ya mutu a kan addinin kakanni, da mamata mai zuwa coci, da 'yata ta fari da ba ta kai yaye ba. Mu ba ma rubuta suna a kabari. Itacen aduruku muke dasawa ta wajen kai, mutum ɗaya ya riƙe sunayen a kansa. Yanzu ni ne mutumin. Kwamandan farko ya san haka. Ya ɗauke ni yankan ciyawa, ya ce a bar wannan kusurwar yadda take. Da baki ya faɗa. Ban nemi takarda ba, ban san ana nema ba.

Na biyu. Ranar da bam ya tashi a cikin gari, ina cikin bariki ina wasa adda. Ba mu ji ƙarar ba, jiniya muka ji. Aka rufe geti. Motoci suka yi ta fita. Matan soja suka tsattsaya a ƙofofinsu da waya a hannu. Wata ta bar wake a kan wuta har ya ƙone, ƙaurin ya cika layin, ba wanda ya je ya sauke. Mu fararen hula, masu wanki da masu shara da 'yan kasuwar mami ta cikin bariki, aka zaunar da mu a filin fareti tun hantsi har la'asar. Wani kofur da na sani tun ranar da ya zo da akwatinsa ya tambaye ni sunana, ya rubuta. Ban ji haushi ba. Ban ji komai ba. Kwana uku ba shiga ba fita. Washegarin tashin bam ɗin aka dawo da gawar sojoji biyu a lulluɓe.

Na uku. Rana ta uku umarni ya zo, a share duk itace da ciyawar da ke jikin shinge kada wani ya sami wurin laɓewa. Wani sajan ya ba ni kusurwar kaburburan. Na gaya masa abin da ke wurin. Ya ce shi ma jiya ya ɗauki abokinsa a cikin bargo, yau ba ranar wannan magana ba ce. Da gaskiyarsa. Na kuma san in na ƙi, katafila za a kawo. To, ni na sare itatuwan, da hannuna, duka goma sha ɗaya. Kowanne na bar masa kututture taƙi ɗaya, ina kiran sunan mai wurin a zuciyata. Na gama, na wanke adda, na ci abinci.

Na huɗu. Da aka buɗe geti sai aka ce kowa ya yi sabon kati, kati kuma sai da takardar haihuwa. Ɗakin da aka haife ni yana ƙarƙashin sitonku, ba wanda ya ba da takarda a ranar. Daga nan ban ƙara taka cikin barikin ba. Kwamanda ya tafi, wani ya zo, ya tafi. Audu mai wanki, wanda har yanzu yake shiga, ya gaya mini kututturan sun yi toho a damina ta farko, sai aka fara feshin maganin ciyawa. Yanzu gara ke cin su. Ya ce shida kawai yake gani. Ni ma idona na hagu ya tafi, na dama yana binsa.

Ga roƙona, ranka ya daɗe. Ba ƙasar nake nema a dawo mini da ita ba, ba aikin ba. Safiya ɗaya nake nema kafin ruwa ya sauka. A caje ni, a haɗa ni da soja da bindigarsa. A bar ni in zo da 'yata Talatu, ita ta iya rubutu, da dutse goma sha ɗaya. In kuna so ku caje duwatsun ma. Zan tsaya a kan kowane wuri in faɗi suna, ta rubuta, mu ajiye dutse mu fita. Ba zai kai azahar ba.

Allah ya ba ka ikon riƙe wannan kujera da adalci, ya tsare ka da yaranka a duk inda aka tura su. Allah ya jiƙan waɗanda suka mutu a ranar, na cikin gari da naku biyun. Su an rubuta sunayensu a allo a bakin geti. Ina gani duk zuwana, ko da yake ba na iya karantawa.

Wassalam.

Ɗanlami, tsohon mai yankan ciyawa,
Karshi.