Baffa Bai Tafi Mashaya Ba

Tudun Ƙofa, Keffi,
14 ga Oktoba.

Zuwa ga ƙanena Abdulmumini,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Halima Sadiya da 'yarku. Mu nan alhamdu lillahi. Damina ta yi kyau, ɗan'uwanmu Hamma ya ce shanu sun ƙoshi a rugarmu ta bayan Panda, har saniyar nan mai farin goshi ta sake haihuwa. Mahaifiyarmu Hajja tana nan wurina, ƙafar ce dai take taɓa ta in an yi ruwa. Na san za ka yi dariya ka ce Adda ta koma zamanin da, ga waya a hannu tana rubuta wasiƙa. Yi dariyarka. Maganar waya iska ce, Mumini, ana kashewa ta wuce, ni kuwa ina son abin da za ka riƙe a hannu ka sake karantawa. Keziya, nas ɗin nan ta Sabon Gari da ke aiki a garinku, ita za ta kawo maka.

Shekara goma sha uku ke nan kana wasan zari-ruga a arewacin Ingila, kuma wallahi ban taɓa jin kunyar sana'arka ba. Ina nan ranar da Malam Godfrey, malamin wasanni na makarantarku, ya gan ka a kasuwar shanu ka riƙe bijimi ta ƙaho ana yi masa allura, ya biyo ka har ruga yana roƙon mahaifinmu Baffa ya bar ka ka shiga wasan. Daga nan sai Legas, daga Legas sai jirgi. Da ka zo hutun farko na tambaye ka mene ne aikinka a cikin mutum goma sha ukun nan, ka ce kai ba mai gudu ba ne, ba kai ke cin maki ba. Kai ne na sahun gaba mai lamba takwas, wanda ake miƙa wa ƙwallo ya rungume ta ya afka cikin ƙarti uku, su kayar da shi, ya tashi, a sake miƙa masa. Na ce to ai kai ne jakin gidan, ka yi ta dariya har da riƙe ciki. Mun ga hancin da ya karye sau biyu, mun ga kunnuwan da suka murɗe, mun ga kafaɗar da aka ɗinke. Duk mun yi shiru, don waɗannan ciwo ne da ido ke gani, kuma suna warkewa.

Baffa sau ɗaya tak ya kalli wasanka, a wayar Hamma, yana zaune a kan buzunsa. Da ya ga kun sunkuya kun haɗa kawuna, sai ya tambaya sau nawa kake yin karon nan kafin a tashi. Hamma ya ce yakan kai ashirin, wani lokaci ya fi. Baffa ya ce shi tun tasowarsa yake cikin shanu, kuma ko bijimai in sun kara sau biyu sau uku, ɗaya yakan juya ya tafi kiwonsa. Ya miƙa wayar, ya ɗauki sandarsa ya fita. Bai sake kallo ba, amma kuma bai taɓa barin kowa ya zage ka a gabansa ba.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar Litinin ta makon jiya ka kira Hajja da hantsi, kuka gaisa lafiya lau, sannan ka ce ta ba Baffa waya. Ina tsaye kusa da ita ina tankaɗe. Ta dube ni, sai ta ce maka ya bi shanu mashaya. Ka ce to a gaishe shi in ya dawo. Ranar Laraba ka sake kira ka tambaye shi, ta sake cewa yana mashaya. Ranar Asabar har faɗa ka yi, ka ce wane irin mashaya ne wannan, tsoho kamar Baffa a bar shi yana bin shanu alhali ga Hamma. Hajja ta ce za ta yi wa Hamma magana. Da ka kashe wayar, sai ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ranar ko furar da na dama mata ba ta taɓa ba.

Mumini, gaskiya ɗaci gare ta, kuma in ban faɗa maka ba babu mai faɗa. Baffa ya rasu. Disamba mai zuwa zai cika shekara biyu. Kana gida lokacin, ka zo hutun ƙarshen kakar wasa, a kan cinyarka ya cika ranar wata Talata bayan azahar. Kai ka kama makara ta gaba a hannun dama. Ka san yadda ake yi, kowa ya ɗan ɗauka sai ya matsa wani ya karɓa ya samu lada, amma kai ka ƙi saki. Hamma ya ce sau uku yana dafa maka kafaɗa, ko juyowa ba ka yi ba har bakin kabari. Mutanen Panda har yau suna ba da labarin. Ina rubuta wannan hawaye na ɗiga a kan takardar, don ban taɓa zaton zan yi maka ta'aziyyar uba ɗaya sau biyu ba.

Na kira Halima Sadiya na matsa mata, kada ka ga laifinta, ni na sa ta kuka har ta faɗa. Ta ce tun karon da aka fitar da kai daga fili a watan Yuni, na uku a bana, kakan tsaya a tsakiyar salla ka rasa raka'a ta nawa kake. Ta ce ka taɓa fita sayo madarar yarinya ka kira ta ka ce ba ka gane hanyar gida ba, a unguwar da kuka shekara shida. Ta ce likitan ƙungiyarku ya zaunar da kai ya ce ka ajiye wasa, ƙwaƙwalwa ba kafaɗa ba ce da za a ɗinke. Amma wai wata ƙaramar ƙungiya ta kawo maka takardar kwantiragin shekara ɗaya, kana cewa za ka sa hannu kafin ƙarshen wata, don kai ba ka iya barin fili ana ganinka a kwance. Haba Mumini! Wa kake son ya shaida ƙarfinka da bai shaida ba? Jiki magayi, kuma naka ya gaya maka har sau uku. In kiɗa ya sauya, rawa ma sauyawa take yi.

Na san abin da ke ranka, ni na goya ka. Kana ganin in ka daina, ba ka san ko kai wane ne ba, tunda tun kana ɗan shekara goma sha tara ɗaukar kaya kawai ka sani. To ka ɗauka, Allah Ya gani, mu ma mun gani. Ba mu ce lallai ka tattaro ka dawo Keffi ba, zauna inda likitoci suke a duba ka da kyau. Abu ɗaya nake roƙo, ni Addarka da ban taɓa roƙonka komai ba: kada ka sa hannu a takardar nan. Rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi.

Na gaya wa Hajja zan rubuto maka. Ta ce ita za ta iya ci gaba da cewa yana mashaya har ƙarshen ranta, in hakan zai sa ka kwana da daɗi, ko da yake duk ranar da ta faɗa sai ta ji kamar yau aka fita da shi. Ta ce ba wannan ne ke hana ta cin abinci ba. Abin da take tsoro shi ne ranar da za ka kira, ta ɗauka ta yi sallama, ka tambaye ta wace ce ke magana.

Hamma da iyalinsa suna gaishe ka, haka Malam Idris maigidana, da Goggo Hajo da kullum take tambaya ko har yanzu kana cinye tuwon mutum uku. Malam Godfrey ya tsufa, na haɗu da shi a bakin tasha, ya ce a gaya maka shi da ya kai ka, shi ne yake cewa ya isa. Ka gaishe mini da Halima Sadiya, ka gode mata, ka sumbaci takwarata a goshi. Allah Ya ba ka lafiya, Ya jiƙan Baffa, Ya sa Aljanna ce makomarsa.

Ka ninke wannan takarda ka sa a aljihun da kake ajiye waya. Duk ranar da ka ji kana son jin muryarsa, ka fara buɗe ta kafin ka kira Hajja. In kuma suka miƙo maka biro, ka sake buɗe ta. Baffa bai tafi mashaya ba, Mumini. Kai ka kai shi da kafaɗarka.

Taka har kullum,
Addarka, Nana Aisha.