Ni Na Farke Gangarka

Assalamu alaikum Alhaji,

Bayan gaisuwa, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san takardar nan ba za ta same ka ba. Ko kana da rai ma ai ba ka iya karanta ajamina, ni kuma ban taɓa gane kan rubutunku na Sin ba. Kabarinka a Ma'ala ba shi da alama, mu mata kuma ba a barin mu shiga. To ina zan je in faɗa maka? Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Gida lafiya, in wannan ita ce lafiya. Shekara biyar ke nan da tafiyarka. Na koma suyar ƙosai a bakin layinmu na Jarwal, don taliyarka ta gagare ni. In ja ta tsinke, in ja ta tsinke, har na haƙura. Inna Dije mai fura ta rasu bayan Hajji. Kawu Tanko ya makance. 'Yarmu Safiya ta kai kafaɗata, idonka sak, shirunka sak, kuma har yau 'yar Sini yaran unguwa ke ce mata.

Ba wannan ya sa na rubuto ba. Maganar gangarka ce.

Ka tuna yadda kake yi bayan la'asar? Ka rufe ƙofa, ka toshe taga da bargo saboda masu sandan nan da ke hana kiɗa a gari. Ka fito da 'yar gangar ka ɗora ta kan ƙafafunta uku, ka rataya tasar tagullar nan a hannun hagu. Kana bugawa sau uku sai ka zama wani mutum daban. Kai da ba ka haɗa kalma goma a yini! Muryar tsohuwa ta fito daga bakinka, da ta mace mai kuka, da ta ƙato mai tsawa, har haniniyar doki. Idonka ya juye, gumi ya jiƙa maka riga sharkaf.

To ni me zan kira wannan? Kakata 'yar bori ce a Kano. Tun ina ƙarama na ga yadda iska ke hawa mutum, ana kaɗa garaya, murya ta sauya, ido ya sauya. Iyayena sun tako da ƙafa har Sudan, sun ƙetare teku don su raba mu da wannan abu, sai ga shi a ɗakina, a Makka, a jikin mijina. Shekara bakwai ina haɗiyewa. Ranar da na ga Safiya, tana 'yar shekara biyar, ta kifa kwano tana bugawa tana maƙale murya irin taka, wallahi na ce abin ya isa haka.

Ka tafi kana zaton lalata gangar aikin Kawu ne. Ni ce, Alhaji. Ni na je na kira shi kana kasuwa. Ni na buɗe masa akwatin da kake ajiye ta. Da ya tsaya jan addu'a, ni na ɗauki wuƙar yanka albasa na farke fatar, na sa itacen a murhu na dafa abincin rana da shi. Tasar kuwa Kawu ya jefa ta tsohuwar rijiyar bayan unguwa. Da ka dawo maza huɗu suka danne ka, Kawu yana tofi yana turara maka hayaƙi. Ka yi ta faɗa da guntun Larabcinka cewa hikaya ce, hikaya ce kawai. Kawu ya ce ai duk haka suke cewa. Ina bayan labule ina jin ka, ban fito ba. Da suka watse na kawo maka abincin, ka ci.

Me ya sa ba ka taɓa tambayata ba? Da ka zage ni, da ka sake ni ma, da ya fi mini sauƙi. Shekara biyu kana jan taliya, ka je Harami, ka dawo. Wani lokaci in hangi yatsunka suna motsi a kan gwiwarka, ina shigowa sai su tsaya. Ni kuwa shashasha ina ta hamdala wai ka warke. Zazzaɓin kwana uku ya ɗauke ka.

Bana mutanenku sun cika garin nan, yaƙi ya koro su. Watan jiya dattawa shida suka yi sallama a ƙofarmu. Babbansu Alhaji Nuhu ya ce garinku ɗaya, kuma tun daga Jidda suke cigiyarka. Na ba su labarin rasuwarka, na sa aka shimfiɗa musu tabarma, ina daga ciki. Shi ya gaya mini wane ne mutumin da na zauna da shi shekara tara. Wai a kasuwar garinku mahaifinka ne mai ba da labari, kafin shi kakanka, kowa da wannan gangar. Labari ɗaya sai a yi wata ana bin sa. Ganga ita ce gudun dawaki, tasa ita ce faɗuwar jarumi, har limamin gari yakan zo ya zauna. An ƙone garin. Sauran da suka iya duk sun mutu. Kai kaɗai suka sa wa rai, su ƙara ji ko sau ɗaya kafin a binne su a ƙasar mutane.

Suka tambayi gangar, ko ganinta kawai su yi. Na ce ta ɓata a ƙaura. Ƙarya na shirga wa baƙin Allah, a Makka, da rana tsaka.

Sai Safiya ta ajiye butar shayi ta ce ta tuna kaɗan. Ta bugi cinyarta sau uku ta buɗe baki. Yarenku ya fito tar, yaren da ba ta jin ko kalma ɗaya a cikinsa. Tsofaffin nan suka gyara zama, ɗaya ya cire hula ya rufe fuska da ita. Baiti huɗu ta yi ta tsaya. Suka jira. Ta koma farko, ta sake tsayawa a wuri ɗaya.

Na roƙi Alhaji Nuhu ya fassara mini. Ya ce wannan ba labarin ba ne, kiran farko ne, irin namu na ga ta nan ga ta nanku. Jama'a ku matso, ku zauna, ku yi shiru, za a fara. Iyakar abin da ya saura ke nan, Alhaji. Sun zauna, sun yi shiru, har aka kira magariba. Suka sa takalmansu suka tafi.

Tun ranar Safiya ke tambayata abin da ya hana ka koya mata sauran. Gobe in Allah Ya kai mu zan gaya mata, kuma na san ba za ta ƙara kallona kamar da ba. Amma kai ya kamata ka fara ji.

Ban ce ka yafe mini ba, ba ni da bakin roƙon wannan. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sada ka da mutanenka. Sai na zo.

Matarka da ta cuce ka,
Rakiya