Abin da Na Bar wa 'Ya'yan Bencin Ƙarshe

Ni Bogna Sikora, shekarata goma sha huɗu, ina rubuta wannan da hankalina a jikina. Ba zazzaɓi nake yi ba, kuma ba a ba ni wani magani ba tukuna. Ranar Talata za a yi mini aiki a Krakow, a miƙe mini ƙashin baya da ƙarfe. Likita ya ce ba a mutuwa a irin wannan aikin. Na ji shi. Amma ba shi za a sa wa barci ba, ni za a sa wa. Ko na tashi lafiya ma, ya ce sai na shekara ban ɗora goge a kafaɗa ba. Ko ta ina aka bi, Bognar da kuka sani a ƙungiyar makaɗa ta ƙare.

Wasiyyar nan ta 'ya'yana biyu ce, Lutka da Mirek. Duk wanda ya tsinci takardar kada ya yi dariya. A ƙungiyarmu in an ɗauki sababbin yara sai a damƙa su ga wata babba ta zama uwarsu. Bara aka ba ni ku biyu, 'yan bencin ƙarshe na masu goge. Ni na koya muku ƙirga shiru da juya takarda ba tare da ƙara ba. Kuna kirana Mama Bogna da wasa, ni kuwa ban taɓa ɗaukarsa wasa ba. Kun san in ana kallona magana ba ta fito mini. Shi ya sa na rubuta.

Na ɗaya. Kada wanda ya ƙara cewa Lutka ta ɓata wasan Kirsimeti. Ga yadda aka yi, don ƙananan da za su zo bayanmu su ji shi daidai.

Ni aka zaɓa in tsaya a gaba ni kaɗai, ƙungiya na bina, in kaɗa babban kiɗan gogen nan na ƙasarmu, na tsoho mai gashin baki da hotonsa ke rataye a ɗakin gwaji. Tun dogon hutu nake fama da shi. Muka wuce kashi na farko lafiya, muka wuce na biyu mai sanyin nan. Muna shiga na uku, rawar ƙauye, inda ƙafar mutum ke son dukan ƙasa, sai siririyar tsirkiyata ta tsinke, ta tsula mini a kumatu.

Kowa ya san doka. In tsirkiyar mai tsayuwa a gaba ta tsinke, shugabar 'yan goge ta miƙa mata nata, na bayanta ya miƙa wa shugabar, a yi ta miƙawa har gogen da ya lalace ya isa bencin ƙarshe, kiɗa bai tsaya ba. Jagoranmu Pan Rudnik da bakinsa ya koya mana. Na juya wajen Kinga, shugabar, na miƙa hannu. Ta rungume gogenta ta kafa wa takarda ido. Ta cikin haƙori na ji ta ce, "Kada ki taɓa mini, daga Italiya Babana ya kawo shi." Hannuna yana rataye, zaure cike da iyaye, ga Fada na cocinmu, ga shugaban gari. Sai ga Lutka ta taso daga can baya, ta ratsa kujeru, ta ture wa wani takardunsa ƙasa, ta cusa mini ɗan gogenta ta ce, "Ungo Mama, ci gaba!"

Na ci gaba. Gogen yara ne, yatsuna sun yi masa yawa, sauti ya karkace a wurare da dama. Na sani, ina da kunne. Amma na kai ƙarshe, ƙungiya ta kai tare da ni.

Me aka yi bayan nan? Pan Rudnik ya tsayar da yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya a gaban kowa ya ce, "Ba a tashi daga kujera ana cikin kiɗa, nan ba kasuwa ba ce." Ya cire ta daga wasan bazara. Kinga ta ce wai ba ta ga hannuna ba. Aka ce to. Ita ce ma za ta tsaya a gaba a wasan bazarar. Ban ce don motar babanta ce ke kai mu wasa garuruwa ba. Ban ce ba, na dai rubuta. Na je ofishinsa, na tattaro duk ƙarfina na ce, "Pan Rudnik, Lutka ba ta yi laifi ba." Ya shafa mini kai ya ce, "Je ki ji da bayanki, 'yata." Har yanzu in na tuna wannan shafar sai in ji kaina yana zafi.

Na biyu. Lutka, mamarki ta gaya wa mahaifiyata kin jefa gogenki saman kabad, kin ce ke da kiɗa har abada, kin daina zuwa gwaji. Ban yarda ba. Ban yarda ba ko kaɗan. Mutum hamsin a kan dandamali ran nan, da manya masu shirin shiga jami'a, ke kaɗai kika yi abin da makaɗi ke yi. A ce ke ce za ki tafi su zauna? Sauko da shi. Kina sakin ƙaramin yatsanki a kan bakan goge, ki gyara, na gaji da faɗa.

Na uku. Rigimarku ta ƙare yau. Mirek, kai ka yi mini shurin sa'a da gwiwa kafin in fita kan dandamali, yadda ake yi wa kowa, ni kuma bakina ya suɓuce na ce na gode, abin da ba a faɗa, wai yana kore sa'ar. Lutka ta ce da gwiwar hagu ka shure ni, kai ka jawo masifar. Kai kuma ka ce mata, "Ke 'yar tsana, da gogen 'yar tsana kika kunyata Mama." Ta ce maka jaki mai kunnen katako. Tun ran nan ba ku ga maciji. Ku ji ni: tsirkiyar ta tsufa ne, daga sanyin waje aka shigo da ita zafin fitilu. Ba gwiwar kowa ba ce. Kuma ba wanda ya kunyata ni a bencin ƙarshe. Mirek, yanzu kai kaɗai ke zaune a can, kana ajiye baka kana juya wa kanka takarda, kana shiga a makare. Kowa na jinka.

Na huɗu. Ƙaron shafa baka na cikin jan ƙyalle na Mirek ne, tunda kullum nasa a farfashe yake. Baƙar rigata ta wasa ta Lutka ce, a rage mata tsawo. Takardun kiɗan Kirsimeti na ƙungiya ne, a ajiye wa Pan Rudnik a tebur. Ba saƙo.

Na biyar. Mirek, na ji abin da kake shirin zuba wa Kinga a akwatin goge. Kul. Goge bai yi maka komai ba. In ta tsaya a gaba da bazara, ku bi ta da kyau, ku rage sauti inda take buƙata, ku jira ta in ta yi jinkiri. Kiɗan ƙasarmu ne, ba na babanta ba. Amma in ta gama, 'yan ƙungiya suka fara goga ƙafa a ƙasa don yaba mata, ban ce dole ku goga taku ba.

Na shida. Ranar Talata da la'asar, lokacin ina barci, ku tafi gwaji tare. Mirek, kai Allah ya ba ka baki, yau ga ranarsa. Kafin jagora ya ɗaga sandarsa a fara kiɗa ka ɗaga hannu, ka tambaya da ladabi a gaban kowa: "Pan Rudnik, in tsirkiyar Kinga ta tsinke da bazara, wa zai miƙa mata, kuma in bai miƙa ba mu yi yaya?" Ka bari ya amsa. Lutka, ke ba ruwanki da magana. Ki zauna a kujerarki ki buɗe takarda. In ya ce ki tashi, ki tashi, ranar Alhamis ki dawo ki sake zama. Ki yi ta dawowa.

Na bakwai, kuma shi ne babba. Gogena na kakana ne, ba daga Italiya ya zo ba, wani masassaƙi ne a kan duwatsu ya yi shi. Hannuwanku sun kusa isa. Na raba shi biyu: gogen na Lutka, bakan na Mirek. Ba a sayarwa, ba a musanya. Duk wanda zai kaɗa shi sai ya je ya roƙi ɗan'uwansa rabinsa, da baki mai daɗi. In na tashi, aro ne har in warke. In ban tashi ba, naku ne a haka har ku tsufa. Yana wurin mahaifiyata, kuma ta san sharaɗi: in mutum ɗaya ya buga ƙofa za ta ba shi shayi da kek ya koma hannu wofi.

Shi ke nan abin da na mallaka. Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana. Ya ba ku kunne mai ji da hannu mai miƙawa. Ya sa wata rana ku tsaya a gaba, ku juya ku tarar da mutanen kirki a bayanku. In an kawo sababbin yara, ku karɓi naku ku riƙe su, kada gidanmu ya watse don an ɗauke uwar. In na buɗe ido, abin da zan fara tambaya shi ne ko an ga kai biyu a bencin ƙarshe. Kada ku sa mahaifiyata ta yi mini ƙarya.

Uwarku,
Bogna