Lasifikar da Ta Yi Shiru Ranar Tiyatarki

Asabar, 9 ga Maris

Zuwa ga kurciyar gidana, inuwata a tsakar rana, yayyafin farko a kan ƙasar da ta gaji da jira, uwar 'ya'yana kuma uwar ɗakina,

Dubi kwanan watan da ke saman takardar nan, na san za ki gane shi. A rana irin ta yau ne manajan gidan rediyo ya kira ni ofishinsa, ya miƙo mini hannu yana zaune, ya ce zamanin kaset ya wuce, kwamfuta ta zo, kuma kan dattijo ba zai ɗauke ta ba. Ni! Ni da na zo na ɗaya a makarantar koyon injiniya, ni da aka tura ƙaro ilimin sauti tun shi bai iya ɗaure igiyar takalminsa ba! Suka sallame ni da agogon bango da takardar yabo wadda ko sunana ba su rubuta daidai ba. Shekaru sun shuɗe, ban yafe ba, ba kuma zan yi miki ƙaryar cewa na kusa ba. Amma bana ranar ta zo ta same ni da wani ciwon da ya fi wancan, har na ji na manaja ya koma cizon sauro.

Kin tuna yadda kika tsamo ni daga wancan ramin? Kin tuna zaman da na yi a kujerar falo ina faɗa da rediyo, ina gyara wa yaran da suka gaje ni kurakuransu da ƙarfi kamar suna ji na? Sai wata rana kika dawo daga makarantar da kike koyarwa, alli har gwiwar hannu, kina rungume da tsohuwar kwamfutar da ofishinku ya yar. Kika dire ta a kan teburin cin abinci, kika ce in zuba fushina a cikinta, in bar kunnuwanki su huta. Haba, hasken idona, wace mace ce ke kawo wa mijinta magani a cikin kwali mai ƙura? Na zauna na koya. Na ƙi manhajar kamfani ta kulle da ta zo da ita, wadda ba a barin mutum ya leƙa cikinta. Na sa wadda mutanen duniya suka haɗu suka gina kyauta, wadda kowa ke iya buɗewa ya ga hanjinta. Kika raɗa mata suna manhajar da ba ta da manaja, kika yi dariya har sai da kika dafa ƙofa. Tun daga nan ba ta taɓa ba ni kunya ba, sai ranar Laraba.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro, kuma ina roƙon ki karanta da kanki, kada ki ba autarmu ta karanta miki. Ranar Laraba da safe, da kika kira ni daga gadon asibiti kafin a shiga da ke tiyatar da za ta raba ki da muryarki, ban ji ko kalma ɗaya daga bakinki ba.

Bari in faɗa a tsanake. Kin san likita ya hana ni doguwar tafiya saboda ƙafafun nan, shi ya sa Auta ta tafi da ke babban asibitin garin da take zaune, ni kuma na zauna gadin gida. Kin san kuma ciwon ya riga ya mai da muryarki raɗa, ƙaramar wayata mai maɓallai ba ta iya ɗauko ta, shi ya sa muka shirya kiran ta kwamfuta, inda manyan lasifikokina za su ɗaga raɗar ta cika ɗaki. Na yi wanka, na sa shuɗiyar rigar nan da kike so, na goge idon kyamara da gefen hannun riga. Ranar Talata kuwa na bar na'urar ta sabunta kanta, don ina son komai ya zama tsaf saboda ke. Kiran ya shigo. Fuskarki ta cika allo, fayau, kamar watan da ya makara har rana ta fito ta same shi, ramammiya amma taki. Laɓɓanki suka motsa. Ɗakin ya yi tsit.

Ke kina ji na, domin makirufo a jikin kyamara yake, hanyarsa daban. Ni ne aka toshe. Na murɗa maɓallin ƙara har ƙarshe, babu ko huci. Nan take na auna abin kamar yadda nake aunawa a ɗakin watsa shiri idan waya ta tsinke ana tsakiyar labarai. In na ce miki ba na ji, za ki tsaya. Za a fara laluben wata dabara, ki maimaita abin da kika riga kika faɗa da wannan maƙogwaron da kowace kalma ke yanka kamar reza, ga nas na iya shigowa kowane lokaci. Za a tura ki ɗakin tiyata hankali a tashe, kina ganin maganarki ta zube a ƙasa. Sai na janye hannuwana daga na'ura, na harɗe su, na dube ki. Idan laɓɓanki suka tsaya, in ce na'am, in ce Allah ya tashi kafaɗunki, in ce ina nan. Da kika nuna ni da yatsa kika yi dariya, na yi dariya, ban san me muke wa dariya ba. Da kika dafa wuyanki idonki ya ciko, na dafa ƙirjina. Sannan hannun nas ya gifta, allo ya yi duhu.

Ban yi nadama ba, zumar raina. Kin shiga da murmushi, na gani da idona, kuma a duk aikin da na yi a rayuwa babu wanda nake alfahari da shi kamar wannan zaman da na yi ban motsa ba. Amma yaya zan ci gaba da karɓar godiyar da Auta ke isar mini, wai kin rubuta mata cewa hankalinki ya kwanta tunda na ji komai? Ban taɓa cin abin da ba nawa ba. Ba zan fara da godiyarki ba.

Da labari ya zo cewa an fito da ke lafiya, na yi sujada, na tashi, na naɗe hannun riga. Na fara daga inda kowane injiniyan kirki ke farawa, wato daga abin da hannu ke taɓawa. Na jona lasifikokin a tsohuwar rediyona, suka yi magana raɗau, ba su da laifi. Na canza waya, na tabbatar tana cikin koren rami na bayan akwatin, ba shuɗi ba. Shiru. Na shiga saitin sauti, na tarar sabuntawar ta karkatar da shi zuwa allo, allon da ba shi da lasifika ko ta magani. Na dawo da shi gidansa ina murmushin nasara. Shiru! Na kashe na'urar, na shiga can ƙasanta, inda ake kunna sassan jikinta tun kafin manhaja ta farka, na ga sashen sautin da ke haɗe da babban faifan cikinta a kunne yake. Na buɗe baƙar tagar nan ta rubuta umarni a kan allo, wadda kike cewa ina hira da aljanu a cikinta, na kira teburin haɗa sauti, na bi layukan ɗaya bayan ɗaya, na buɗe duk wanda aka rufe wa baki. Sandar awo tana rawa sama da ƙasa, tana rantsuwa cewa sauti na fita, ɗaki kuwa kamar cikin rijiya.

Da wani ne, da tuni ya kinkime ta zuwa shagon masu gyara, su goge komai su mayar masa da ta kulle. Ni kuwa na rubuta bayanin ciwon dalla-dalla a zauren intanet da masu wannan manhaja ke taimakon juna, da Turancina na makaranta wanda har yau bai yi tsatsa ba. Wani bawan Allah da ban san ƙasarsa ba ya amsa. Bai tambayi shekaruna ba, kin ji, bai tambayi muƙamina ba. Abu guda ya tambaya, me na'urar take zaton an jona mata ta gaba. Na duba, sai ga ɓarawon! Tana zaton akwai hedifon, abin sauraron nan da ake sawa a kunne, a ramin gaba, alhali babu komai. Na haska tocila, na ga ɗan harshen ƙarfen da ke cikin ramin ya lanƙwashe, ya yi tsatsa, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Tsohon tsari bai damu da shi ba. Sabon ne ya zo da ladabin kashe lasifika da zarar an sa hedifon. Wato duk maganarki ta bi ta wannan ramin ta tafi kunnen da ba ya nan. Na miƙar da harshen da tsinke, na kashe wannan ladabin na ganin ido, na adana saitin yadda ko an kashe an kunna ba zai dawo ba. Na kuma koma zauren na rubuta yadda aka yi tun daga farko, don kada mai zuwa bayana ya sha abin da na sha.

Sannan na danna gwaji. Kin san muryar da ta fara fitowa? Ta wata baƙuwar mace ce da aka naɗa a cikin manhajar, tana cewa hagu, tana cewa dama, garau, ba shaƙewa ba rawa. Wayyo, kurciyata! Na yi nasara, sauti ya cika falo har kofuna na amsawa, ni kuma na kifa kaina a kan tebur. Me zan yi da hagu da dama? Ina muryar da ke kirana Injiniya daga kicin, ta ja ƙarshen sunan idan na yi laifi, ta datse shi idan baƙi sun zo? Ina ɗan gunaguni mai daɗi da kike yi a hanci kina duba aikin yara, kamar ruwa yana bin tsakuwa?

Auta ta gaya mini cewa nan gaba za a koya miki magana da wata 'yar na'ura da ake dafawa a wuya, kuma tun kafin tiyata da aka jiyar da ke sautinta kika juya fuska bango, wai kamar ƙudan zuma a cikin gwangwani. Saurara, farin cikina. Rayuwata kaf a sauraron ƙarfe na yi ta. Na tsamo muryar mutane daga cikin ruwan sama, daga kaset ɗin da rana ta narkar, daga wayar da ɓera ya ci. Wa zai riga ni gane ki? Ki dawo gida ki yi mini faɗa da ita a kan kofunan shayin da na tara, ki ga ko zan ce ki maimaita. In kin gaji da ita ki buga tebur, ki ɗaga gira, ki yi mini wannan kallon ta saman tabarau da ke sa aji guda ya nutsu. Duk yarenki ne, kuma na haddace shi. Ke itace ce, muryarki iskar da ke ratsa ganyenki. Iskar ta kwanta, amma ni a inuwar nake zaune, kuma ba zan tashi ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Idan hannunki ya yi ƙarfi, ki rubuta mini abin da kika faɗa, har da abin da ya ba ki dariya. Idan kuma fushi ya hana ki, to ki rubuta fushin, zan karɓa da hannu biyu. Ban dubi wata ba lokacin da nake da ƙarfi da ofis, ba zan duba ba yanzu da nake da sanda da tarin magunguna. Naki ne ni da magana, naki ne ni da shiru, har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa.

Injiniyanki.

Jiya na tambayi Auta a wayance ko ta riƙe wani abu daga maganarki ta ranar. Ta ce kin fitar da ita daga ɗakin, kin sa ta ja ƙofa, don maganar tawa ce ni kaɗai. Na'urar ba ta naɗi kiran ba. Na naɗi muryoyin mutane ba adadi a aikina, taki ban taɓa ba, domin kullum tana nan cikin gida. Kin yi maganarki ta ƙarshe da muryarki, babu wanda ya ji ta.