Lamba Ta San Gidan Burodi, Ba Ta San Ɗana Ba

Zuwa ga Mai-sunan Malam, ɗana na fari,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina tambayar lafiyarka da ta Ikkon da ta haɗiye ka. Mu nan Gwandu lafiya lau, in ka cire idanun uwarka da farar yana take rufewa. Ita ba likita take nema ba, kai take son gani tun da sauran gani.

Ka yi haƙuri da rubutun. Ka san ubanka aji uku ya yi a elementare, na huɗun ta taga na fita. Na ba da wasiƙar a buga a jarida don ban san ƙofar gidanka ba. Kowa ya karanta, tunda kai ka ja.

Abin da ka aiko mana ya iso: lambar tarho a bayan kwalin ashana, ta hannun wani direban gingimari. Ba suna, ba unguwa. Madalla da ɗan boko.

Na sa babbar riga na tafi Birnin Kebbi, ofishin waya. Aka haɗa ni, wata mata ta ɗauka, ana ta hayaniya bayanta. Ta tambaye ni wa nake nema. To fa. Kai ɗan fari ne, ga shi sunan mahaifina gare ka. Tun da aka yanka ragonka bakina bai taɓa faɗin sunan nan ba, uwarka ma haka. Na ce mata yarona nake nema, dogo, mai ƙin cin kuɓewa. Ta ajiye.

Sai aka ce in je Kalgo, akwai wani da ya taɓa aikin haɗa waya, yanzu ya kafa tebur bakin tasha. Wai ka ba shi lamba, ya ba ka suna da adireshi. Na ce wannan don ni aka halicce shi, ba sai na buɗe baki ba.

Da ka gan shi! Laktaye a wuya cikin bazara, gumi na bin sa. Gabansa wani jibgegen littafin lambobin Ikko da ɓera ya ci bangon. Littafin bisa sunaye aka jera shi, shi kuwa lamba yake nema, don haka sai ya lashi yatsa ya dinga bi layi-layi, kamar tsohuwa na tsintar tsakuwa a shinkafa. Wannan shi ne ilimin. Ya karɓe mini zabuwa, ya ce in dawo wata kasuwar.

A garinmu, ka sani, baƙo ya tsaya bakin masallaci ya ce yana neman jikan Malam, kafin ya rufe baki an gaya masa gidan, da gonar, da wanda kakarka ta ƙi aure. A Kambaza ma haka, har Ceberu. Amma wai mu ne ba mu waye ba. Wayewa ita ce a mai da mutum lamba, sannan a ba wani zabuwa ya juyo shi mutum.

Na koma. Ya gyara laktaye, ya ce bincike ya kammala: lambar ta wani gidan burodi ce, a titin da ko shi bai iya faɗa ba. Na ce ɗana fa? Ya ce littafi ba ya sa sunan wanda ba shi da tarho. Ashe mai dukiya kawai ya sani. Ni da na haife ka, da kai da na haifa, duk ba mu cikin duniyarsa.

Na sake hawa mota zuwa Birnin Kebbi. Ofishin cike, har da mutanen unguwarmu. Matar ta ɗauka, ta sake tambaya. Na tuna da safen nan uwarka ta zuba mini gishiri a koko, tana rantsuwa sukari ne. Sai na rufe ido na faɗi sunanka. Da ƙarfi kuwa, don layin ba kyau. Wani dattijo a bayana ya yi salati.

Ka san abin da ta ce? Wai masu sunan su uku ne a gidan, wanne daga ciki? Kafin in ce uffan layin ya yanke.

Yanzu duk Gwandu an sani. Abokan wasana na kirana Bature. Ban damu ba, su yi. Ban gaya wa uwarka ba, amma an gaya mata, ta yi dariya har ta share ido, sannan ta tambaye ni ko na ji muryarka. Na ce a'a.

Ɗana, ba fushi muke ba. In burodi kake toyawa, sana'a ce, ba abin ɓoyo ba. Kada ka tsaya haɗa tsaraba. Uwarka ta fara gane mutane da tafiyarsu da tarinsu, fuska sai an matso mata sosai. Ka taho tun fuskarka na da amfani. In kuma ka makara, ka taho duk da haka, ka yi sallama da ƙarfi daga zaure.

Allah ya tsare ka inda kake, ya sa wannan ta faɗa hannun wanda ya san ka, ya bar wa uwarka hasken da zai isa.

Ni ne ubanka, wanda ya faɗa sau ɗaya, kuma ba zai ƙara ba.